Mene ne yake riƙe mutane a wasannin 'yan fashin teku na intanet?

Baban Sadiq ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san wasannin bidiyo na 'yan fashin teku, irin waɗanda mutane da yawa suke shiga tare ta intanet, su taimaka mini da bayanin abin da yake jan hankalin masu yin su. Babban ɗana, wanda yake sakandare, ya nace in saya masa wani mai suna Sea of Thieves, kuma kafin in ba shi amsa na zauna na kalli bidiyon waɗanda suke buga shi. Yawancin wasannin da yara suke so harbe-harbe ne ba ƙaƙƙautawa, amma a wannan sai a ɗauki lokaci mai tsawo jirgi yana tafiya a kan ruwa, wani yana jan igiya, wani yana duba taswira, wani yana soya kifi, kuma duk da haka masu wasan ba su nuna alamar ƙosawa. Ina so in fahimci abin da suke samu a ciki wanda ni mai kallo ba na gani.

Tambayata ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina. Muna zaune a ƙasar da fashi da garkuwa da mutane suka raba iyalai masu yawa da gidajensu da gonakinsu, saboda haka zuciyata ba ta kwanta da wasan da yaro zai ɗauki matsayin wanda yake tare hanya ya ƙwace abin da wani ya sha wahalar tarawa ba. Ban zo da niyyar hana shi ba, kuma ban zo da niyyar amincewa ba. Ina son in ji daga bakin waɗanda suka san abin daga ciki.

Matuƙin Dare ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Sadiq, Allah ya ƙara girma. Na daɗe ina buga wannan wasa tare da abokaina, kuma zan tsaya a kan tambayarka ta farko, domin ita ce na fi sani. Tafiyar nan da ka ga kamar ba a yin komai a cikinta, a nan ne yawancin aikin yake, sai dai mai kallo daga waje ba ya lura da shi, saboda rabinsa magana ce tsakanin mutanen da suke cikin jirgin.

Kamfanin Rare na ƙasar Ingila, wanda Microsoft ya saya a 2002, shi ne ya fitar da Sea of Thieves a ranar 20 ga Maris 2018, kuma ya gina shi a kan shawara guda, wato babu wani aikin jirgi da na'ura za ta yi wa ɗan wasa. Jiragen iri uku ne: ƙarami na mutum ɗaya ko biyu, matsakaici na mutum uku, da babba na mutum huɗu, mai jigo uku, wato dogayen sandunan da suke tsaye a cikin jirgin, da igwa takwas. A babban jirgin, idan aka saki filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska take bugawa ta tura jirgin, gaba ɗaya matuƙi ba ya ganin gabansa, domin sun tare masa ido, saboda haka dole wani ya tsaya a goshin jirgin ko ya hau ƙololuwar jigo ya riƙa gaya masa cewa akwai dutse a dama, ya karkata hagu. Taswirar teku ba ta fitowa a gefen allo kamar yadda aka saba a sauran wasanni. Tana shimfiɗe a kan tebur a cikin jirgin, sai wani ya sauka ya duba, sannan ya ɗaga murya ya ce a nufi arewa maso gabas. Kowane filafili sai an ja igiyarsa an juya shi yadda zai kama iska, kuma idan iskar ta sauya sai a sake. Ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, sakinsa ba ya ɗaukar lokaci, amma ɗaga shi sai an tura wani babban keke ana zagayawa, mutum ɗaya ya daɗe yana fama, mutum huɗu su gama nan take.

Idan harsashin igwa ya huda jikin jirgin, babu wata alama da za ta fito ta nuna maka yawan ƙarfin da ya rage masa. Kunnenka ne zai ji ruwa yana zuba, sai ka sauka ƙasa ka tarar ya kai gwiwa, ka nemi hudar ka toshe ta da katako, wani kuma ya ɗauki bokiti yana kwasar ruwan yana hawa matakala yana zubarwa a teku. A daidai wannan lokacin ana buƙatar wani a kan igwa, ana buƙatar wani a kan tuƙi, kuma hannayen ba su isa ba. Wanda ya bar gyara ya tafi harbi saboda harbi ya fi daɗi, shi ne zai nutsar da jirgin, kuma kowa zai san shi ne. Ban taɓa ganin wasan da yake fito da halin mutum da sauri kamar wannan ba: mai gaggawa, da mai haƙuri, da wanda yake ɗora wa wasu laifi, da wanda yake yin aikin da babu mai yabon sa, duk za ka gane su kafin a kai tsibiri na biyu.

Neman dukiyar ma haka aka tsara shi. Ana ba ka takarda mai zanen tsibiri da jar alama a inda aka binne akwati, amma ba a rubuta sunan tsibirin ba, sai ka kwatanta siffarsa da tsibiran da suke kan babbar taswira har ka gano shi. Wani lokaci kuma kacici-kacici ake ba ka, a ce ka nemi wani zane a jikin dutse, ka yi taku kaza zuwa kudu maso yamma kana riƙe da kamfas, sannan ka haƙa. Akwai wani akwati da yake kuka, hawayensa suna cika jirgi da ruwa, saboda haka duk wanda ya ɗauko shi ya ɗauko wa jama'arsa aikin kwasar ruwa har a isa tasha.

Abin da na fi girmamawa a tsarin wasan shi ne cewa daɗewa ba ta ba mutum makamin da ya fi na sabon shiga ƙarfi. Takobin wanda ya fara a 2018 da na wanda ya fara jiya illa ɗaya suke yi, kuma zinariyar da ake tarawa galibi tufafi da fenti da adon jirgi take saya. Abin da yake bambanta mutane shi ne abin da suka koya: sanin cewa ƙaramin jirgi ya fi babba gudu idan aka fuskanci iska, babban kuma ya fi gudu idan iskar tana bayansa, sanin lokacin da za a kashe fitilu da dare don kada a hango ka daga nesa, sanin inda za a ajiye gangar albarushi don kada ta fashe a tsakiyar jirgi. Lokacin da wasan ya fito an soke shi sosai a kan ƙarancin abubuwan yi, kuma sukar tana da gaskiya, amma kamfanin ya ci gaba da ƙara masa abubuwa kyauta, har a watan Afrilu 2024 ya sanar cewa mutum miliyan 40 sun buga shi, kuma a ƙarshen wannan watan ya fito a PlayStation 5. Ina ganin dogaro da juna ne ya riƙe mutanen nan, kuma hujjata ita ce wani tsohon wasa na 2003 mai suna Puzzle Pirates, wanda zanensa na 'yan tsana ne kawai, amma shi ma ya tara jama'a na shekaru, domin ya mayar da kwasar ruwa da aikin kafinta da sarrafa filafilai ayyukan da kowane ɗan jirgi yake riƙe da guda, saurin jirgin kuma ya dogara ga ƙoƙarin kowa.

Malamar Tarihi ta amsa:

Baban Sadiq, damuwarka ta biyu tana da tushe, kuma ba na son a wuce ta da sauri. Ƙanena Matuƙi ya yi bayanin wasan da kyau, amma hoton ɗan fashin teku da waɗannan wasanni suke sayarwa, wato mutum mai 'yanci wanda ba shi da ubangida sai iska, an tace shi ne daga tarihin da yake cike da jini, kuma wani ɓangare na wannan tarihi a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma ya faru.

Zamanin da ake kira na bunƙasar fashin teku ya kama daga wajen 1650 zuwa wajen 1730. Wanda ya fi kowa kama jirage a cikinsa, Bartholomew Roberts, ma'aikaci ne a wani jirgin cinikin bayi da yake tsaye a Anomabu, a ƙasar Ghana ta yau, lokacin da 'yan fashi suka kama jirgin a 1719 suka tilasta masa shiga cikinsu. Cikin 'yan makonni suka zaɓe shi shugaba, kuma kafin ya mutu ya kama jirage kimanin 400. A watan Janairu 1722 ya shiga tashar Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau, ya tsare jiragen bayi 11 ya nemi fansa, da kyaftin ɗin ɗaya daga cikinsu ya ƙi biya sai mutanensa suka cinna wa jirgin wuta da bayi kimanin 80 a ɗaure a ciki. Wata guda bayan haka wani jirgin yaƙin Ingila ya kashe shi a kusa da gaɓar Gabon. An yi wa mutanensa shari'a a gidan kurkukun bayi na Cape Coast, a ƙasar Ghana ta yau, aka rataye 52, su kuwa baƙaƙen fata fiye da 60 da aka samu a jiragensa ba a yi musu shari'a ba, sayar da su aka yi. Shi ma Blackbeard, shahararren ɗan fashin teku wanda kusan kowane wasa yake aron gemunsa da hularsa, babban jirginsa jirgin bayi ne na Faransa da ya ƙwace a 1717.

Akwai kuma labarin da ya kamata kowane Musulmi ya sani. A 1695 wani Baturen Ingila mai suna Henry Every ya tare wani ƙaton jirgin daular Mughal ta Indiya mai suna Ganj-i-Sawai, wanda yake komawa Surat a Indiya daga Bahar Maliya ɗauke da dukiya da alhazai. Mutanensa sun yi kwanaki suna azabtar da fasinjoji suna keta mutuncin mata. Sarkin daular, Aurangzeb, ya fusata har ya rufe wuraren cinikin kamfanin Ingila a Indiya ya tsare ma'aikatansa, gwamnatin Ingila ta sa kuɗi ga wanda ya kamo Every, amma ba a taɓa kama shi ba.

To daga ina farin jinin ya fito? Ya fito ne daga wani abu na gaskiya. Talakan da yake aiki a jirgin kasuwanci ko na soja a wancan zamani yana shan bulala, abincinsa ruɓaɓɓe, albashinsa kuma ana riƙe shi wata da watanni. A jirgin 'yan fashi kuwa ana zaɓen shugaba ne da ƙuri'a, ana iya tsige shi, kuma ana raba ganima bisa ƙa'idar da kowa ya rantse a kanta. Dokokin jirgin Roberts, kamar yadda wani littafi da aka buga a Landan a 1724 ya kawo su, sun ce kowa yana da ƙuri'a, kyaftin da mai kula da rabo suna da kaso biyu yayin da ɗan jirgi yake da ɗaya, an hana caca da kuɗi, ana kashe fitilu da ƙarfe takwas na dare, kuma wanda ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki ana biyan sa diyya daga asusun jama'a. Wannan daidaito na cikin jirgi shi masu ƙirƙirar wasanni suka ɗauka, suka bar waɗanda aka ƙona a Wida da alhazan Ganj-i-Sawai a waje.

Ra'ayina shi ne, Sea of Thieves ya yi nisa da tarihi har ba ya da'awar komai game da shi. Abokan gabar da na'ura take sarrafawa ƙwarangwal ne da fatalwa da dodannin ruwa, babu ƙauyen da ake ƙonawa, babu wanda ake sacewa don fansa. Wannan ya rage mini damuwa. Amma da ni ce, ba zan bar yaro ya ɗauki tutar nan ta 'yan fashin teku mai ƙoƙon kai a matsayin ado ba tare da ya san su wane ne suka fara ganin ta tana tunkaro su ba.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da Malama. Na yarda da yawancin abin da ɗan'uwana Matuƙi ya faɗa, amma ya bar rabin maganar, kuma rabin da ya bari shi ne ya shafi tambayar Baba ta biyu. Da haɗin kai kaɗai ne, da mutane sun gaji sun tafi. Abin da yake hana mutum tashi daga kujera shi ne cewa akwatin da ka haƙo ba naka ba ne sai ka kai shi tasha ka miƙa shi ga mai saye, kamar dai falken da ba ya lissafa riba sai ayari ya sauka a kasuwa lafiya. Kowane teku da aka sa ka a ciki yana ɗauke da jirage biyar ko shida a mafi yawa, har da naka, masu sauran jiragen mutane ne na gaske, kuma ba ka san niyyar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Bari in kwatanta yadda abin yake. Kun yi sa'o'i kuna tara akwatuna, sun cika ɗakin kyaftin, kuna kan hanyar tasha da dare. Wanda yake saman jigo ya ɗaga madubin hangen nesa ya ce ya ga filafilai a yamma. Nan take hirar da ake yi ta tsaya. Wani ya ce a kashe fitilu, wani ya ce a juya a bi bayan tsibiri, wani ya ce a ci gaba domin wataƙila masu kamun kifi ne. Jirgin ya matso, sai ku ji muryar baƙo ta bututun magana yana cewa shi ba faɗa ya zo yi ba, yana son ku ɗaga tutar ƙawance ku raba riba. Wasan ya tanadi wannan ƙawance, kuma sau da yawa ana yin sa da gaskiya, har jirage biyu su haɗu su kashe wani ƙaton kifi su rabu da godiya. Amma babu abin da ya hana ɗan'uwan mai maganar ya riga ya faɗa ruwa yana iyo zuwa ƙarƙashin jirginku da gangar albarushi. Babu marubucin da ya tsara abin da zai faru a minti na gaba, shi ya sa waɗanda suka buga wasan suke ba da labarinsa kamar abin da ya same su da kansu.

Saboda haka, Baba, amsar gaskiya ita ce, akwai ƙwace a wasan, kuma yaronka zai yi, za a kuma yi masa. Bambancinsa da abin da muke fama da shi a hanyoyinmu shi ne duk wanda ya shiga ya san sharaɗin kuma ya amince, asarar ba ta wuce aikin yamma ɗaya ba, wanda aka kashe yakan dawo bayan ɗan jira, jirgin da ya nutse kuma ana ba da sabo kyauta. Ni ban ga wasan yana koya wa mutum son zalunci ba. Abin da ya koya mini shi ne kada in tara kaya da yawa kafin in sayar, kuma in iya haɗiye asara ba tare da na zagi kowa ba. Inda haɗarin yake shi ne bakin mutane. Ana jin muryar duk wanda ya matso kusa, kuma akwai waɗanda da zarar sun ji harshenka ko sun gane daga Afirka kake sai su fara cin mutunci. Kamfanin yana da ƙa'idojin ɗabi'a da hanyar kai ƙara, amma maganar ta riga ta shiga kunnen yaro kafin a hukunta mai yin ta.

Baban Sadiq ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malama, labarin Wida da na alhazan nan zan karanta wa yaron su da kaina, ko na saya masa wasan ko ban saya ba. Ɗana na Maraɗi, maganarka a kan muryoyin baƙi ita ce ta fi tsaya mini a rai. Shin akwai hanyar da yaro zai yi wasan ba tare da cuɗanya da waɗanda ba a sani ba? Kuma wani mai shago ya ba ni shawarar wani wasan mai suna Skull and Bones, ya ce ya fi sabunta kuma zanensa ya fi kama da gaske. Ina son jin ra'ayin wanda ya gwada su biyun, da kuma abin da ya kamata in sani game da kuɗi da lokaci.

Ummu Khalil ta amsa:

Baban Sadiq, ni uwa ce kuma ina buga wasan tare da 'ya'yana, saboda haka zan amsa daga ɓangarorin biyu. Hanyar da kake nema tana nan. A watan Disamba 2023 aka ƙara wani sashe mai suna Safer Seas, inda mutum yake shiga shi kaɗai ko da abokan da ya gayyata, babu jirgin wani baƙo a tekun gaba ɗaya. Lokacin da aka ƙaddamar da shi kashi 30 cikin 100 na ladan da ake samu a babban teku, inda ake haɗuwa da baƙi, ake bayarwa, kuma an rufe wasu ayyuka, domin kamfanin yana son mutane su koyi tuƙi a nan sannan su fita. Duk abin da Matuƙi ya bayyana na filafilai da bokiti da taswira yana nan daram, abin da Ɗan Maraɗi ya bayyana na fargabar baƙo ne kawai babu. Ko a babban tekun ma ana iya rufe muryoyin sauran jirage a bar na abokan tafiya. Lokacin da wasan ya fito a 2018, a Turai an ƙayyade shi ga 'yan shekara 12 zuwa sama.

Game da Skull and Bones, gaskiya ne zanensa ya fi kama da zahiri, amma ban ba da shawararsa ga wanda abin da aka bayyana a sama ya burge shi ba. Reshen kamfanin Ubisoft na Singafo ne ya yi shi, an fara aikinsa tun 2013 a matsayin ƙari ga wasan Assassin's Creed IV: Black Flag, aka yi ta ɗage shi har ya fito a ranar 16 ga Fabrairu 2024 a kan dala 70, kuma labarinsa a Tekun Indiya yake. A cikinsa kowane ɗan wasa shi kaɗai yake da jirginsa, ma'aikatan jirgin kuma na'ura ce take motsa su, saboda haka da danna maɓalli ɗaya ake ƙara gudu ko a rage. Abokinka yana can a nasa jirgin, kuna harbin abu ɗaya, amma ba ka buƙatar idonsa don ka ga gabanka. Ƙarfi kuma yana zuwa ne daga tara katako da ƙarfe a ƙera jirgi da igwa mafi girma, wanda ya daɗe ya fi sabo makami. Na buga shi na ji daɗin faɗan igwa, amma ban taɓa tashi daga kansa da labarin da nake ɗokin ba wa wani ba.

Akwai abubuwan da ya kamata ka gani da idonka kafin ka yanke shawara. A Sea of Thieves akwai giya da ɗan wasa zai iya sha har tafiyarsa ta rikice, akwai kayan kiɗa, akwai kuma jirgin matattu da ake jira a cikinsa kafin a dawo da mutum. Shan giyar ba dole ba ne, kuma a gidana mun yi magana a kanta tun ranar farko, amma tana nan a kowace tasha. Akwai kuma shago a cikin wasan da ake sayen dabbobin gida da kayan ado da kuɗi na gaske, saboda haka kada ka bar katin bankinka a haɗe da na'urar. Idan a Xbox ko PlayStation za a yi wasa da wasu mutane, sai an biya kuɗin rajista na wata-wata ban da kuɗin wasan, a kwamfuta kuwa ba a buƙatar wannan. Sauke shi yana cin data mai yawa, sabuntawa kuma tana zuwa a kai a kai, sannan idan intanet ɗin gida yana yankewa ko ana yawan ɗauke wuta, yaro zai iya rasa aikin sa'o'i a tsakiyar teku.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne lokaci. Wasan ba a iya dakatar da shi, domin tekun yana ci gaba ko kana nan ko ba ka nan, kuma yaron da jirginsa yake cike da akwatuna, abokai uku suna dogara da shi, ba zai ji kiran salla ko na abinci da sauƙi ba. Umarnin a kashe nan take yana jawo rigima, domin a ganinsa ka sa ya ci amanar jama'arsa. Abin da ya yi mana aiki shi ne mu sanar da lokacin tashi tun kafin a fara, kuma idan saura rabin sa'a in ce a daina ɗaukar sabon aiki a nufi tasha a sayar da abin da aka tara. A ranakun makaranta ba a buɗe shi sam, sai Juma'a da yamma da Asabar.